Zannuwan Kaka a Kan Keke

Catford, Landan.

Zuwa ga Inna Muhibbat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, kafin in ce komai ina neman afuwarki da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san ba hurumina ba ne in sa baki a tsakanin manya, balle ni da ko a waya ba na wuce "lafiya lau" sai in miƙa wa Mama. Zinatu ce, 'yar ƙanwarki. Idan kika ga kuskure a Hausata ki yi haƙuri, a wajen Mama na koyi rubuta ta, ba a makaranta ba.

Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Uwaisu da dukan mutanen gida a Tudun Wada. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka makwancinta. Mu nan lafiya muke, sai sanyi. Baba yana nan yana aikinsa a asibiti, Affan ya yi tsawo har ya kusa kamo ni, amma har yanzu in an yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Ni kuma ina shirin jarrabawar gama sakandare, ina roƙon addu'arki.

Dalilin wasiƙar nan shi ne saƙon murya da kika aiko wa Mama, bayan ta sa hoton bargon da take haɗawa da zannuwan Kaka a zauren waya na dangi. Ina kicin tare da ita lokacin da ta saurara. Na ji kin ce zanin uwa ba tsumma ba ne da za a sa masa almakashi, kuma da kin san haka za a yi da ba ki bari sun bar Zariya ba. Mama ta ajiye wayar ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Tun daga ranar ba ku yi magana ba. Ba na cewa ba ki da gaskiya, Inna. Ina so ne kawai in faɗa miki abin da hoton bai nuna ba.

Kin san a rabon kayan Kaka Mama ta ba da sababbin sadaka, ta riƙe tsofaffin da Kaka take ɗaurawa a tsakar gida. Ta zuba su a akwati ta jingina da bangon ɗakinta. To, gidajen nan suna da danshi, bango yakan yi gumi da hunturu ba tare da mutum ya lura ba. Ranar da ta buɗe akwatin, fumfuna ta cinye na ƙasa, shuɗin nan mai tsuntsaye ma yagewa ya yi a hannunta. Ta zauna a bakin gado tana ware abin da bai lalace ba. Abin da ta yanka, Inna, shi ne wuraren da suka tsira.

Akwai wata ƙungiya ta mata da suke haɗuwa ranar Asabar a ɗakin taron unguwarmu. Yawancinsu 'yan Arewa ne, Musulmi da Kirista, sai wasu 'yan Jamaika biyu da suka iya cewa "sannu da aiki". Aikinsu haɗa bargo: a yanka yadi ƙanana a jera su, a shimfiɗa auduga a ƙarƙashi, a sa wani yadin a baya, sannan a ɗinke ukun wuri guda. Keken da ke yin wannan ɗinkin na ƙarshe ban taɓa ganin irinsa ba. Tsawon teburinsa ya kai gado biyu in an haɗa su kai da kai. Ba yadin ake turawa ba kamar a keken tela, a'a, yadin yana miƙe a naɗe jikin dogayen ƙarafa, keken ne ake riƙewa da hannu biyu a yi ta yawo da shi a kai. Guda ɗaya suke da shi, don haka layi ake bi, kuma in an ɗora bargon mutum ba a sauke shi sai an gama, don in aka sauke a tsakiya ba ya komawa daidai, sai ya karkace ya yi tattara.

Suna da wata ƙa'ida da ta ba ni mamaki da farko: ba mai ɗinke nata bargon. Ke za ki haɗa, amma a kan keke sauran ne za su yi miki, kowacce layinta, ke kina tsaye kina kallo. Shugabarsu, Anti Nanret, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce 'yar Pankshin, ta ce mai abu hannunta rawa yake yi, kuma bargon da hannu ɗaya ya ɗinka ba ya ɗumi. Tana da faɗa sosai. Ta taɓa sa wata ta warware layi guda don ya kauce kaɗan, matar tana cewa wa zai gani, ita kuma tana miƙa mata abin warwara ba ta ko kalle ta ba. Amma da Mama ta kawo zannuwan Kaka, sai da Anti Nanret ta je ta wanke hannu kafin ta taɓa. Ta ce yadin ya tsufa, ba zai jure jan ƙarfe ba, ta zauna ta manna wa kowane yanki siririn yadi a baya, aikin da ya cinye mata Asabar ɗinta ɗungurungum.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haɓar koren zanin nan, inda Kaka take ƙulle goro. Wurin ya murɗe, ya yi ja, ko an wanke ba ya fita. Wata ta ɗauko dutsen guga za ta miƙar da shi, Anti Nanret ta riƙe mata hannu. Ta tambayi Mama me ake ƙullewa a nan, Mama ta faɗa mata. Sai ta ce: "Tawa uwar taba take ƙullewa. Wannan ba a goge shi." Da layinta ya zo, ta rage gudun keken ta kewaye wurin a hankali, ba ta bari allura ta hau kai ba. Yanzu in kika shafa bargon, ko'ina a kwance yake sai nan, yana ɗan tashi a ƙarƙashin yatsa. Ni ban san Kaka sosai ba, amma na tuna tana kwance wannan ƙullin ta gutsura mini, na tofar don ɗaci, tana dariya.

An kai wajen rabi saƙonki ya zo. Asabar ɗin da ta biyo baya Mama ta ce a dakata, ba za ta ci gaba da abin da yayarta ba ta yarda da shi ba, ta kuma ce a sauke bargon ko da zai lalace, don kada ta tare wa mutane keke. Suka ƙi. Wadda ke bin Mama a layin keken ita ce Anti Anatu, 'yar Zonkwa, bargon jikanta na fari take son gamawa, 'yarta kuma cikinta ya tsufa. Mama ta ba ta haƙuri, ita kuwa ta ce jariri ba zai ƙi fitowa don ba a gama masa bargo ba, ita ma da aka haife ta a tsohon zani aka naɗe ta, ga ta nan har ta fi ƙarfin kujerar bas. Kowa ya yi dariya har da Mama. Yanzu sukan zo su rufe bargon da farin ƙyalle saboda ƙura, su zauna su yi ta yanka da ɗinkin hannu, su sha shayi, su yi gardamar ko masar Bauchi ta fi ta Jos. Ba wadda ta taɓa tambayar Mama yaushe. Ni dai ina ganin yadda Mama take kallon jakar da Anti Anatu take zuwa da bargon jikanta a ciki, kuma na san ba za ta iya jure wannan kunyar da daɗewa ba. Wata rana za ta sauke shi da kanta.

Ga roƙona, Inna. Keken nan yana da wani ɗan jan haske a bayansa. In aka shimfiɗa takarda mai ado a kan teburin, mai ɗinki tana bin layin biro da hasken, allura kuma tana fitar da shi daidai a kan bargo. Ba a zaɓi adon da za a yi wa gefen bargon ba tukuna. Mama ta taɓa ba ni labarin reshen nan mai lanƙwasa da Kaka take ɗinkawa da ulu a bakin zanin gado, ta ce da idon Kaka ya yi rauni ke ce kike fitar mata da shi da fensir, ita Mama ba ta taɓa iyawa ba. Na tambayi Anti Nanret a ɓoye ko keken zai iya bin abin da aka zana da hannu a Zariya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce in dai biron ya fito sosai, kuma dama a ƙa'idarsu kowace 'yar'uwa tana da layinta, na Inna ne ya rage.

In kin yarda, ki zana shi a takarda ki ba Kawu Nuruddeen, shi ne zai kawo miki wannan wasiƙar kuma zai dawo ƙarshen wata. In ba ki yarda ba, ki faɗa wa Mama da bakinki, na san za ta bi maganarki, ni ma ba zan sake tayar da zancen ba. Shirun ne ya fi mata ciwo. Ba ta san na rubuto ba, amma zan faɗa mata da zarar Kawu ya tashi, don ba na son ɓoye mata. Na sa farar takarda a cikin ambulan ɗin, na yanka ta daidai faɗin gefen bargon.

Ki gaishe mini da Baba Uwaisu, da Yaya Asma'u da maigidanta da yara, da duk wanda ya tambaye mu. Affan ya ce in ce yana gaisuwa, kuma wannan da Hausa ya faɗa. Ko wace amsa kika bayar, Inna, ina neman izininki in sake rubuto miki, in ban dame ki ba.

'Yarki,
Zinatu