Ban Kalli Fuskarta Ba

Daren Talata, Toranke

Barci ya ƙi zuwa. Yarinyar nan tana kwance a asibiti a Gaya. An ce jininta ya hau sosai, ita da abin da ke cikinta sai addu'a.

Tun da ta zo gida goyon ciki nake kawar da kai, saboda 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa. Da ta fara fama da ciwon kai, a bakin ƙanwata Ladi na ji, na aika mata da jiƙo. Yau Ladi ta fizgo hannuna ta ce, "Yaya, wace irin kunya ce wannan? Dubi fuskar 'yarki yadda ta kumbura!"

A asibiti na tsaya gaban hoton bango ina haɗa baƙi a hankali: ciwon kai, kumburin fuska, gani dishi-dishi. Duk na karanta da kaina. Fuskar 'yata ce kawai ban kalla ba.

Allah Ka tashi kafaɗunta. Gobe zan zauna a bakin gadonta, in dube ta sosai, in ce, "Hadiza, ina ke miki ciwo?"