Wanda ya ƙara layi a shafin garinmu

Daren Laraba, Ƙanƙara

Na kasa barci. Yau na koma laburare in duba shafin nan da Malama mai kula da wurin ta buɗe a kwamfuta, wanda duk mai gudun hijira zai rubuta abin da ya tuna na ƙauyensu, kowa kuma daga ko'ina yana iya ƙarawa. Ni tsamiyar bayan masallacin garinmu kawai na rubuta ran nan.

Sai na tarar an ƙara layi a ƙasa: "A kogonta akwai 'yar tsana ta kara mai jan ɗankwali."

Ni da Lantana muka ɓoye ta. Ko Gwaggo da ta haifi Lantana ba ta sani ba. Lantanar da ɓarayin daji suka tafi da ita, aka yi sadakarta tun bara.

Na ce, "Malama, wa ya rubuta wannan?"

Ta duba ta ce, "Bai sa suna ba, 'yar nan. Da waya aka yi. In ƙarya ce sai mu goge."

Na ce a bari. Wataƙila wani ne ya kwana a kangon garin ya zura hannu a kogon. Wataƙila ita ce. Na rubuta a ƙasa, "Wa ya ɗinka ɗankwalin?"

Da magariba Gwaggo ta miƙo min tuwo a kwanon Lantana, ta ce, "Me aka koya yau?" Na ce ba komai. Ba zan iya sa ta jira sau biyu ba. Ni zan yi jiran.