Lambuna Ne, Ba Na Baba Jaji Ba

Dutse, watan Sha'aban.

Zuwa ga ƙanena Hussaini, a gidan ɗab'i, Zariya.

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardata ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan da rai dai. Matata Hindatu ta yi fama da zazzaɓi, amma ta miƙe. Fara ta cinye gonakin bana, kamar yadda ka ji, har gidajen manya sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Hussaini, kai shaida ne, ba wanda ya ɗaga ni. Da ƙafata na je makarantar Kano, na koyi boko. Ni na sare fakon nan na gindin dutse da kowa ya ƙi, na haƙa rijiya, na dasa dabino da lemo. Da gumina na sayi akwatin ɗaukar hoto a kanti, na koya wa kaina aiki da shi, alhali duk ƙasar nan ba baƙin mutumin da ya taɓa leƙa cikinsa.

Ka san duk lokacin ɗari baƙin tsuntsaye kan sauka a lambuna, su sha ruwa a kwatarniya, su tsinci geron da nake watsa musu. Na ɗauki hoton kurciya, na ɗauki na tsattsewa. Alhudahuda ne ya yi ta ba ni wahala shekara da shekaru, da na motsa sai ya tashi. Bana ma ban fasa watsa geron ba. Hindatu ta ce in ji tsoron idon mutane, na ce mata gerona ne.

Wata safiya ina lulluɓe da baƙin ƙyalle a bayan akwati, sai ga Baba Jaji, tsohon marinin nan da ya rina wa mahaifinmu riguna, ya shigo ta ɓarakar shinge. Ya tsuguna yana tsintar geron ƙwaya-ƙwaya yana zubawa a hula. Ina shirin magana sai alhudahuda ya sauka daf da ƙafarsa, ya buɗe tukkunsa. In da kai ne, me za ka yi? Na danna. Baba ya ji ƙarar, ya ɗago. Na ce ya zo in auna masa gero, ya ce shi bai taɓa roƙo ba, abin tsuntsu ya tsinta. Abu ɗaya ya nema, kada kowa ya ga abin da akwatin ya gani.

Da aka wanko hoton daga Kano, wallahi ban taɓa ganin kyakkyawa irinsa ba, kowane gashin tukkun ya fito. Na kai shi ƙofar dagaci don su ga tsuntsun Annabi Sulaimanu. Ba wanda ya dubi tsuntsun. Hoton ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa na kallon Baba Jaji a tsugune. Tun ranar Baba Jaji bai ƙara fita ko masallaci ba, har aka fito da shi a makara.

Yanzu wasu na cewa akwatin ne ya zuƙe masa kurwa, liman kuwa ya ce kunya ce. Na je gaisuwa, aka naɗe tabarma ina tsaye. Mata sun daina ɗiban ruwa a rijiyata, sun gwammace tafiya rafi. Dagaci ya aiko cewa in na sake kafa akwatin za a fasa shi. Duk wannan na iya haɗiyewa. Amma jiya a kasuwa na ji wani baƙo yana tambayar hanya, aka ce masa ya bi ta Lambun Jaji. Mutumin da bai taɓa dasa ko tsinke a cikinsa ba!

Ka gaida matarka Safiyatu, da Inna Adama in ta zo daga Jahun. Hindatu ba ta ce in gaishe ku ba, don ba ma magana.

Ga hoton nan cikin takarda. Ka kai wa Baturenku da ke tara hotunan tsuntsaye, a buga shi. Ka tsaya a kansu har sai ka ga sun rubuta a ƙasa: Alhudahuda, a lambun Nata'ala na Dutse, shi ya ɗauka. Kada a rage harafi ɗaya.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Nata'ala.