Farantin Baya da 'Ya'yan Murjanina

Litinin, 8 ga Janairu

Yau Mwalimu Fumo, malaminmu na nutso, ya tara mu a rumfar ƙungiya bayan mun fito daga teku, ya yanke magana. Ƙarshen wata za a kwashe ƙananan tsiron murjanin teku da muke reno a kai su sabon lambu, can ƙasa a bakin mashigi. Ba mai sauka dashe sai wanda ya iya kwanciya a miƙe cikin ruwa, bai taɓa ƙasa ba, bai tayar da yashi ba. Sauran su zauna a jirgi suna miƙa igiya. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Da ma ya kalle ni, da ya fi min sauƙi.

Kowa ya san da ni ake. Falmaran ɗin iska da muke sawa don dogayen maza aka ɗinka su. In na hura tawa sai ta hau min har kunne, in tsaya a tsaye cikin ruwa ina wutsil-wutsil da ƙafa, yashi ya turnuƙe wurin. Kombo, ɗan wana, wanda na wanke wa kashi da hannuna, shi ya sa min suna Shangazi Guguwa, wato Gwaggo Guguwa. Yanzu har masu dakon kifi a bakin gaɓa sun ɗauka.

Teburi na uku a gidan renon murjanin, can ƙarƙashin ruwa, nawa ne. Ni na ɗaure su tun suna guntaye kamar ɗan yatsa, ni nake goge musu gansakuka da burushi. Yanzu sun yi rassa, sai wani ƙato ya dasa min su ina sama ina riƙe da igiya? Ba da ni ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Sababbin kaya sun iso daga Mombasa, kowa aka ba shi jakarsa. Na buɗe tawa na ce to, ina rigar? Babu riga. Farantin ƙarfe ne mai ramuka, da jakar iska zagayayya mai kama da tiyub ɗin babur, wadda suke ce wa fiffike, da doguwar ɗamara guda ɗaya a naɗe, da zobba. Kai za ka zura ɗamarar cikin ramukan, ka auna daidai jikinka. Fiffiken yana zama tsakanin farantin da tukunyar iska, duk a baya, ƙirji ba komai.

Mwalimu ya ce min, "Bi Siti, wannan ba ruwansa da tsawo ko gajarta. Yadda kika ɗaure shi haka zai zauna." Karo na farko ke nan da wani abu na aikin nan bai raina tsawona ba.

Akwai wata gajeriyar ɗamara daban. Ya yi wa maza bayaninta dalla-dalla: daga ƙasan faranti take tasowa, ta ratsa tsakanin ƙafafu, ta maƙale a ta ƙugu. Da ya zo kaina sai ya miƙo min yana kallon rufin rumfa. "Wannan kuma… kin dai gane." Na gane sarai. Tana can ƙasan akwatin kayana, kuma can za ta tsufa.

Alhamis, 11 ga Janairu

Wuni na yi a tabarma ina zura ɗamara ina warwarewa. Sau biyu ina murɗe ta a kafaɗa. Maigidana Shee ya dawo daga kamun kifi, ya tsaya a kaina ya ce, "Mama Zuhura, kujerar mota kike haɗawa?" Na ce ya je ga shayinsa da fanken mahamri can, ya bar ni.

Da na gama na saɓa shi a kan doguwar rigata ta gida, na ja kafaɗu tamau, na ɗaga shi sama yadda nake goyo. 'Ya'ya biyar na goya ba wanda ya taɓa zamewa. Na zagaya tsakar gida da shi, ko motsi bai yi ba. Murna har kunne.

Asabar, 13 ga Janairu

Kunya.

A kan rigar gida na auna, na manta a kan kayan roba masu kauri zan sa, ga kuma rigar da nake ɗorawa a sama har gwiwa. Hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya maƙale a baya, na kasa gaba na kasa baya a tsakiyar jirgi. Kombo har da riƙe ciki. "Ku zo a kwance Shangazi, ta kama kanta da tarko!" Shi ko nasa a tsaye ya zura shi cikin hira, ko aunawa bai yi ba, zobba suna lilo a hammata.

Mwalimu bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce ba goyo ba ne. A saki kafaɗu har dunƙulen hannu ya shiga ƙarƙashin ɗamara. In kai hannu ta bayan wuya, in yatsuna sun taɓo saman faranti, to tsayinsa ya yi. Zobban ƙirji kuma in buɗe hannuwa, in lanƙwaso manyan yatsu zuwa ƙirji, inda suka sauka nan ne mazauninsu. Na ce in na saki haka ai zai faɗi. Ya ce ba kafaɗa ke riƙe shi ba. Na gane ɗamarar da yake nufi, na kau da kai.

Ban shiga ruwa ba yau. A jirgi na zauna ina turawa ina ja, farcena biyu sun karye.

Litinin, 15 ga Janairu

Na shiga! Farantin kansa nauyi ne, don haka Mwalimu ya rage min dalmar ƙugu kusan rabi. Ina sauka na ji kamar wani ya ɗora tafin hannu a tsakiyar bayana ya kwantar da ni. Ƙirjina a sake, hannuwana a sake. Na ga teburina daga sama, abin da ban taɓa gani ba, kullum ta gefe nake ganinsa cikin hazon da na tayar da kaina.

Daɗin bai daɗe ba. In na sunkuya, duk kayan su zamo min kai. In na juya, su tafi gefe su ja ni. Da muka fito sama na hura fiffike, sai ya tashi shi kaɗai ya bar ni a ƙasa, bakin tukunya ya ƙwale ni a ƙeya har na ga taurari.

A jirgi Mwalimu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Bi Siti, ɗaya ɗamarar fa?"

Na ce ta ɓata.

Ya ce, "To. Allah Ya bayyana ta kafin ranar gwaji."

Talata, 16 ga Janairu

Ƙeyata ta yi ƙulu. A gefe ɗaya nake kwanciya.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ba ɗamarar ce ta dame ni ba, abin da za ta yi wa rigata ne. Za ta tattare ta sama gaba da baya, in tsaya haka cikin jirgi gaban maza, cikinsu har da ɗan wana da mai jan sallar unguwarmu. Shekara biyu ina nutso ba wanda ya ga abin faɗa a shigata, da haka na rufe bakin mutanen gari.

Na ɗauki komai na tafi wurin Mwanaidi mai ɗinki. Na ja labule na saka mata ta gani. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ciro fil daga bakinta ta ce, "Dada 'yar'uwa, ke dai kin fiye wahalar da kanki. Wa ya ce ta kan riga za ta bi?" Ta tsaga wata 'yar ƙofa a bayan rigar, daidai ƙasan faranti, wata a gaba ƙarƙashin cibiya, ta ɗinke bakinsu kamar ramin maɓalli. Ɗamara ta shiga ta baya, ta bi ta ƙarƙashi, ta fito ta gaba ta kama ta ƙugu. Riga ta sauka har gwiwa yadda take.

Na tsaya gaban madubinta na daɗe. Ta ce in fita, tana da masu kayan biki.

Asabar, 20 ga Janairu

Na ce wa Mwalimu ɗamara ta bayyana. Ya ce alhamdu lillahi, yana kallon injin jirgi.

Kai, ashe duk sirrin a nan yake! Kaya suka manne a bayana kamar da su aka haife ni. Na sunkuya, na juya, na kifa, ba abin da ya gusa. A sama ma da na hura fiffike, tare muka tashi.

Saura ƙafafu, har yanzu suna nitsewa kaɗan. Muka fito, aka ɗaga tukunya sama da faɗin yatsu biyu, muka koma. Sai kai ya rinjaya. Aka sauke rabin haka. Kombo yana daga gefe yana cin mangwaro. "Shangazi, amarya ma ba a yi mata wannan gwaji." Na ce shi ma ya duba nasa, tukunyarsa tana rawa a baya. Ya ce shi da yake kamun kifin nan mai hannu takwas da numfashi ɗaya tun yana yaro, ba ƙarfe ne zai koya masa ruwa ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Abu mafi wuya ashe shi ne kada ka yi komai. Ka lanƙwashe gwiwa, takalman iyo su kalli sama, ka tura ruwa baya kamar kwaɗo, sannan ka tsaya. Ka ja numfashi ka ɗan tashi, ka saki ka ɗan sauka. Ni da ban iya zama ba ko a gidan makoki.

Ina gwada bugun ƙafar a kan gado, a kife, Shee ya shigo. Ya tsaya, ya juya, ya fita. Daga waje na ji yana ce wa 'yarmu Zuhura kada kowa ya shiga, mamanku tana tsallaka teku.

Yau na yanke rarar ɗamarar ƙugu, na ƙona bakin da ashana kada ya warware. In an yanke babu mayarwa. Yanzu kam ba wanda zai iya ara.

Litinin, 29 ga Janairu

Gwaji. Mwalimu ya kafa sanda a yashi ya ɗaura mata zare. Kowa zai kwanta dab da ƙasa, kamu biyu tsakani, ya kwance zaren ya sake ɗaurewa, ya ja da baya ya tafi.

Sai aka nuna ni. Na matsa, na saki iska kaɗan, na tsaya. Na tsaya! Na kwance, na ɗaure, har na ƙara ƙulli don jin daɗi. Na ja baya, na waiwaya. Ruwa garau, yashi kwance lafiya kamar ba wanda ya wuce. Wani ɗan kifi mai ratsi ma bai fasa kiwonsa a ƙarƙashina ba. Mwalimu ya haɗa tafukansa a gabana ya sunkuyar da kai. Na yi ihu cikin abin shaƙa, kumfa ta tashi fal.

Kombo ya faɗi. Dalma ta yi masa yawa, bai taɓa ragewa ba, kayan suna zamewa gefe, ya dafa ƙasa da hannu, ya daki yashi har sandar ta ɓace. A hanyar dawowa ya zauna can gaban jirgi ya ba mu baya.

Tun a ruwa na shirya maganar da zan faɗa masa, mai gishiri. Zan ajiye ta sai ranar dashe, ta fi daɗi a gaban jama'a.

Laraba, 31 ga Janairu

Na dasa su da hannuna.

Ɗaya bayan ɗaya nake ciro su daga kwando, in goge dutse, in matsa siminti, in zaunar da shi, in riƙe har ya kama. Ina shawagi a kansu, ba abin da ke taɓa su sai yatsuna. Wanda ya fi ba ni wahala, mai karkataccen reshen nan da ya kusa mutuwa lokacin zafin ruwa, na ba shi wuri mai kyau a sama inda haske ke sauka. Ba a kuka cikin gilashin fuska, hanci yake toshewa. Na sani yanzu.

Matan gonar ciyawar teku, abokan aikina na da, sun tare ni a gaɓa da guɗa. Mwanaidi tana gaya wa kowa ita ta ci gwajin. Shee ya yanka kaza, aka yi shinkafa da kwakwa.

Kombo ne ke miƙo min kwanduna daga jirgi duk wunin. Kowanne ya riƙe shi da hannu biyu, a hankali, bai bari ko ɗaya ya bugi gefen jirgi ba. Da na hau ya ce, "Sannu, Shangazi. Sun yi kyau?" Bai ga inda suka zauna ba.

Maganar nan ban faɗa ba. Hayaniya ta yi yawa.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Jiya na aika Zuhura ta karɓo min kayan Kombo. Na warware ɗamarar gaba ɗaya na sake zurawa, don ganinta a haka yana min ciwon ido, ba don komai ba. Da yamma na kira shi na sa ya tsaya tsakar gida, na ce ya kai hannu bayan wuya. Ya kai, ba musu.

Mwalimu ya leƙa gidan reno yau, ya ga guda uku a teburina har yanzu. Ya tambaye ni dalili. Na ce ba su isa dashe ba tukuna, sai nan da mako biyu, kuma in zai sake kafa sandarsa kafin nan, ni ba ruwana.

Ya dube ni, wannan karon ido cikin ido, ya ce to.

Sun isa. Su ne ma suka fi kyau.