Baƙin Bunsurun Yaya Ɗan Tani

Daren Talata, watan Rajab, 1294 Hijira

Na je duba Yaya Ɗan Tani. Bakinshi ya karkace, ɓarin dama ya shanye, magana ba ta fita. Matarshi ta tare ni da hawaye: "Malam, iskar daji ce ta buge shi."

Ina iskar ta gan shi? Tun da ya bar kai shanu Birnin Lalle yake zaune kan buzu kamar tulu. Ga kitse, ga man shanu, ga lasar gishiri kamar raƙumi, taba da kanwa ba su barin kumatunshi. Da ya fara kukan jiri na ce ya rage, ya ce ko ni ke ciyar da shi? Haka Baba ya rayu, haka ya faɗi.

Boka ya sa an yanka wa iskar baƙin bunsuru. Kitsen kuma suka dafa suna ɗura wa majinyaci, wai ya yi ƙarfi!

Da zan fito na iske ƙanenmu Sani ya hau buzun, bakinshi cike da tabar Yaya. Na ce mishi, "Sani, fara kiwon naka bunsurun tun yanzu."