An Sauke Ni a Gidan Mai

Ɗana Habibu,

Ina gaishe ka. Ya jikinka, ya iyali, ya aikin tuƙi a Legas?

Shekaranjiya kawunka ya ɗauko ni a babur daga Durba zuwa Rano. A gidan mai, mai zubawa ya ce, “Inna, sai kin sauko, a kashe inji.” Na ce gwiwata na ciwo. Ya ce in mai ya ɗiga a inji mai zafi, hijabina wuta za ta fara kamawa. Na sauko da sauri!

Wai gaskiya ne? Kai kana kashe motarka kuwa? Kar ka ɓoye mini.

Ka sa mu a addu'a. Gai da Hadiza.

Innarka