Fakitin da Na Saki Kyauta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Don Allah kar ki karanta mata wannan wasiƙar, ki ce dai ina gaishe ta.

Kin sha tambayata me ya sa kike samuna a gida da rana tsaka. Ba hutu nake ba, Yaya. An sallame ni.

Kin san kamfaninmu manhaja yake yi wa shagunan magani. Abin da ya fi ba mu ciwon kai shi ne ranar lalacewar magani, don kowace masana'anta da yadda take rubuta tata: wannan wata ne a gaba, waccan shekara, wata masana'antar ma da haruffa. Ni na zauna na rubuta abin da ke karanta su duka. In ya tuɓure ni kaɗai ake nema, ko da loma a bakina.

A sana'armu akwai wani rumbu a intanet da kowa ke zuba ɗan abin da ya rubuta, muna ce wa abin fakiti. Mai buƙata sai ya buɗe wata manhaja da ake kira manajan fakiti, ya nemi suna, ya buga layi ɗaya, abu ya sauka ya girku a kwamfutarsa, kyauta. Oga ne ya yi ta zuga ni in saka nawa can, wai duniya ta san da zamana. Ni kuwa uwar son yabo, na gyara shi tas, na rubuta bayani dalla-dalla yadda ko ɗan koyo zai gane, na saki.

Bayanin nan ne ya ci ni. Da aka tashi rage ma'aikata, Oga ya kira ni ofis, ya juyo mini da kwamfutarsa, ya nemo fakitina a gabana ya girka. Kafin in gyara zama ya gama. Ya yaba mini sosai, wai aikina ya yi kyan da ba ya buƙatar mai tsaro. Sannan ya ce in miƙa makullin tebur.

Na koma gida da niyyar cire shi daga rumbun, kowa ya rasa. Ashe dokarsu ta hana: muddin wasu sun ɗora aikinsu a kan naka, ba ka da ikon janyewa. Kamfanin namu kuwa shi ne na farko a masu ɗorawar.

Makon jiya saƙo ya shigo shafin fakitin, inda baƙi ke kai ƙorafi. Oga ne. Ba sallama, ba ya gida. Wai wani maganin tari na yara yana nuna da sauran shekara alhali ya lalace, a gaggauta gyarawa. Na rufe kwamfutar, na rantse ba zan taɓa ba. Na hura wuta, na kashe, na fita tsakar gida na dawo. Kwalaben nan suna kan kanta a shaguna, Yaya, kuma uwar da za ta saya ba ta yi mini komai ba. Na buɗe na gyara, na saki sabon zubi, ga kaffarar rantsuwa a kaina. Oga ya sabunta nasa, ya danna mini hoton babban yatsa.

Wallahi korar ba ta ci mini rai kamar wannan ba. Bai roƙe ni ba, don ya san zan gyara. Kuma ni da shi duk mun san in ya sake turowa gobe, zan sake gyarawa.

Ki gaida yara, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta